Me ya sa kasuwancinmu na Zango ke bin mai shi kabari? Darasi daga gidan Dantata

Ranar da aka yi sadakar arba'in ta mahaifinmu, bayan jama'a sun watse an naɗe tabarmi, ni da yayana da wani kawunmu muka ɗauki makulli muka nufi sitonsa da ke Aboabo, a nan Kumasi. Shekara talatin da 'yan kai Baba ya yi yana harkar goro a wannan sito. Yana da masu kawo masa kaya daga ƙauyukan Asante da Ahafo, yana da abokan ciniki a Agege ta Legas da kasuwar Mariri ta Kano. Idan lokacin goro ya kama, ba a yin mako biyu babbar mota ba ta yi lodi a ƙofarsa ba. Mu 'ya'yansa mun tashi muna ganin gidanmu ya yi ban kwana da talauci har abada.

Da muka buɗe, sai muka tarar da huhunan goro jibge har kusa da rufi, da kujerarsa, da butarsa, da wani gwangwanin biskit cike da guntayen takardu masu lambobin waya. Littafin lissafi ko ɗaya babu. Kawu ya dubi yayana ya ce, "To, ɗana, wa ke bin Alhaji, wa kuma Alhaji ke bi?" Yayana ya yi shiru, ni ma na yi shiru. Amsar tana cikin kan mutumin da muka binne kwana arba'in da suka wuce.

Waɗanda ke bin Baba bashi duk sun zo, kuma an biya su, don haƙƙinsu ne. Cikin waɗanda Baba ke bi, mutum uku kacal suka tako da ƙafarsu suka faɗi abin da ke kansu, Allah ya saka musu da alheri. Sauran har yau shiru kake ji. Shi kuwa goro ba ya jiran a gama rabon gado. Yana son a kwance shi, a tsince, a sauya masa ganye. Kafin mu daidaita kan wanda zai riƙe sito, sankara ta cinye kusan rabin kayan. Yaron gidan Baba, wanda ya yi shekara ashirin tare da shi, shi kaɗai ya san kowane manomi da kowane dillali, amma ba shi da ko sisi a cikin jarin. Ya jira mu wata shida, sannan ya buɗe nasa wurin, abokan ciniki suka bi shi. Ban ga laifinsa ba. Yau a sitonmu wayoyin hannu ake sayarwa.

Na san ba gidanmu kaɗai abin ya shafa ba. Je ka Nima ko Sabon Zango a Ankara, je ka Ashaiman ko Techiman, ka tambayi dattawa sunayen attajiran shanu da albasa da atamfa da manyan motoci na shekara arba'in da suka wuce. Za su lissafo maka su ba gargada. Ka sake tambaya, ina kasuwancin nasu yake yanzu? Sai a ce maka, "Ai tun da ya rasu." Wannan magana ce ta sa na koma bin tarihin wani mutum da ya fara daga irin huhun goron da muka bari ya lalace, a kan waɗannan hanyoyi namu, amma gidansa ya shafe fiye da shekara ɗari yana kasuwanci.

Yaron Bebeji da mahaifiyarsa ke Ankara

An haifi Alhassan Dantata a Bebeji, kusa da Kano, a shekarar 1877, cikin zuriyar Agalawa, waɗanda fatauci ne sana'arsu tun kaka da kakanni. Mahaifinsa ya rasu yana yaro. Mahaifiyarsa, wadda ake kira Amarya, 'yar kasuwa ce, ta taso ta dawo Ankara da zama, ta bar 'ya'yanta a hannun wata tsohuwa mai suna Tata. Daga nan sunan Ɗan Tata ya samo asali. Da ya zama saurayi ya biyo ayarin fatake zuwa Gwanja, ya ƙarasa har bakin teku wajen mahaifiyarsa. Ke nan ƙasar nan tamu na cikin wuraren da ya buɗe ido a kasuwanci.

A wancan zamani fataucin goro tafiyar ƙafa ce ta watanni. Madugu ya ja ayari da jakuna daga ƙasar Hausa, a kawo kanwa da tufafi da fatu, a sauka gidan maigida a Salaga, dillali ya haɗa ciniki, a ɗauri goro a juya. Sai abubuwa suka rikice. Turawan Ingila sun ci Kumasi da yaƙi a 1874, yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, 'yan kasuwa suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kintampo da Kumasi da Ankara. Zangunanmu da yawa a wannan guguwa suka cika.

Abin da Dantata ya yi a nan shi ne darasi na farko. Ya lura cewa jiragen ruwa na Turawa na zirga-zirga tsakanin Sekondi da Ankara da Legas, ya shiga sahun farko na Hausawan da suka fara ɗora goro a jirgi. Tafiyar da ke cin watanni ta koma ta kwanaki, goro ya isa da ɗanyensa, jari ya juya sau da yawa a shekara maimakon sau ɗaya. Hajar ba ta sauya ba, hanya ce ya sauya, tun sauran fatake na cewa ai haka muka gada.

Bayan jirgin ƙasa ya isa Kano wajen 1912, kamfanonin Turawa suka buɗe ido kan gyaɗa. Ba su san ƙauyuka ba, ba su jin harshen manoma, don haka suka nemi manyan 'yan kasuwar gari su saya musu. Dantata na cikin waɗanda suka karɓa, ya yi hulɗa da Niger Company, daga baya da UAC wanda aka kafa a 1929. Mutumin da aka sani da goro ya zama babban mai sayen gyaɗa a Arewacin Najeriya, har sunansa ya haɗu da dalar gyaɗa ta Kano. Bai bar goro ba, ya dai ƙi yarda goro ya zama iyakarsa.

Mutane su ne jari

Gyaɗa ba ta taruwa da hannun mutum ɗaya. Dantata ya baza wakilai a kasuwannin ƙauye, wasu danginsa, wasu yaran gidansa, wasu kuma abokan hulɗa ne kawai da ya gwada amanarsu. Yana ba su kuɗi tun kafin kaka, su sayo, su kawo, a yi lissafi, kowa ya ɗauki la'adarsa. Wanda ya riƙe amana a ƙara masa jari, har wata rana ya tsaya da ƙafarsa yana ci gaba da kawo kaya gidan. Ta haka yaron gida ke ganin cewa arzikin maigida nasa ne shi ma.

Duk lokacin da na zo nan a tarihin nan sai na tuna yaron gidan Baba. Shekara ashirin yana ɗaure huhu, yana kwana a tasha, yana bin mota har iyakar Aflao. Baba na ƙaunarsa, ya yi masa aure, yana yi masa ɗinkin salla. Amma kyauta daban, rabo daban. Da an ce yana da ko kashi ɗaya cikin goma na ribar sito, a rubuce, da shaidu, da bai tafi ba, da mu ma ba mu rasa sito ba.

Akwai kuma maganar ajiyar kuɗi. Sanannen labari ne cewa lokacin da bankin Turawa, Bank of British West Africa, ya buɗe reshe a Kano a 1929, Dantata ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi ashirin. Mutane kan ba da labarin nan don a ji yawan dukiya. Ni abin da na gani a ciki shi ne, mutumin da ya taso a makarantar allo ya yarda ya fito da dukiyarsa daga ɗaki ya sa ta inda za a ƙidaya, a rubuta, a ba shi takarda. Ya ɗauki akawu, ya kafa kamfani mai suna Alhassan Dantata & Sons, ya sa 'ya'yansa aiki a ciki tun yana da ƙarfinsa. Ɗansa Aminu, wanda aka haifa a 1931, daga sayen gyaɗa ya fara, kamar kowane ma'aikaci.

Da ya rasu ranar 17 ga Agusta, 1955, an raba gado yadda shari'a ta tanada, amma kamfanin bai mutu ba. Ɗansa Ahmadu ya riƙe, da shi ma ya rasu a 1960 Aminu ya karɓa, ya faɗaɗa harkar zuwa gine-gine da sauran fannoni, ya ja ragamar har tsufansa. Alhaji Aminu Dantata ya rasu a watan Yunin 2025, shekara saba'in bayan mahaifinsa, kuma har lokacin sunan gidan na kan kamfanoni masu aiki.

Daga saye da sayarwa zuwa masana'anta

Aliko Dangote tattaɓa-kunnen Alhassan Dantata ne ta wajen uwa, domin mahaifiyarsa, Hajiya Mariya, 'yar Sanusi Dantata ce. An haife shi a 1957, ya fara kasuwanci a 1977 da rancen da ya samu daga dangin mahaifiyarsa. Rance fa, ba kyauta ba, kuma ya biya. Shekara kusan ashirin yana abin da yawancinmu muke yi, wato ya sayo ya sayar: siminti, shinkafa, sukari, gishiri. A ƙarshen shekarun 1990 ya juya ga sarrafa kayan da kansa. Ya gina matatar sukari a Apapa, ya gina masana'antar siminti a Obajana cikin jihar Kogi, ya bazu zuwa wasu ƙasashen Afirka. A nan Tema yana da wurin da ake ɗura siminti a buhu. A 2023 aka ƙaddamar da matatar mansa ta Lekki, wadda aka gina don tace ganga 650,000 a rana.

Ba kowane abin da ya taɓa ne ya yi albarka ba. Masaƙunsa sun rufe. Kamfanin fulawarsa ya sayar, ya sake sayowa, ya sake sayarwa a 2019. Masana'antar tumatir da ya buɗe a Kadawa, jihar Kano, a 2016, ta yi ta tsayawa saboda ba ta samun isasshen tumatir daga manoma. Amma da yake kowane reshe na da lissafinsa daban, asarar wannan ba ta ja wancan ƙasa ba, kuma an san lokacin da ya kamata a cire hannu. Mu a Zango, mota ɗaya ta faɗi da albasa a hanyar Bawku, sai ka ji har kuɗin makarantar yara ya tafi, domin aljihu ɗaya ne.

Kada in yi wa mai karatu daɗin baki. Dangote gidan arziki ya faɗo, kuma tsarin gwamnatin Najeriya na taƙaita shigo da siminti ya taimaka masa ƙwarai, abin da abokan gogayyarsa suka daɗe suna ƙorafi a kai. Mai shago a Asawase ba shi da kakan da ya kai raƙuma banki, ba shi da ministan da zai ɗaga wa waya. Ba cewa nake kowa zai zama Dangote ba. Abin da za mu iya ɗauka shi ne wanda ba ya buƙatar gata: rubutu, raba aljihu, ba ma'aikaci rabo, da horar da magaji tun ana raye.

Iyayenmu na da hujjarsu

Na daɗe ina jin haushin Baba a zuciyata kan rashin rubutu, sai da wata gwaggonmu ta zaunar da ni. Ta ce, "Kai yaro ne, ba ka ga abin da suka gani ba." A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, mutanen Zango da yawa suka karyar da dukiyarsu suka tafi, har da waɗanda a nan aka haife su. A 1979 sojoji suka rushe kasuwar Makola, ana zargin 'yan kasuwa da ɓoye kaya. A 1982 aka janye takardar sidi hamsin daga hannun jama'a, aka shiga binciken asusun masu kuɗi a bankuna. Wanda ya rayu cikin wannan, ya koyi cewa a san abin da ka mallaka haɗari ne. Mu ma na baya mun ga namu, domin a 2019 Babban Bankin Ghana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin ba da rance 347, mutane suka yi ta safa da marwa kan ajiyarsu.

Na fahimci tsoron. Sai dai ɓoyewar da ta kare Baba daga hukuma ita ce ta hana 'ya'yansa ganin dukiyarsa. Kuma rubuta bashi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Mun haddace ta a makaranta, mun bar ta a can.

Abin da muka gwada ni da ƙanwata

Da ɗan abin da ya zo hannunmu na gado, ni da ƙanwata muka buɗe shagon shinkafa da mai da sukari. Ita ce ta yi karatun lissafi, don haka littafi na hannunta, kuma wannan ma darasi ne: Baba bai taɓa tunanin 'ya mace za ta leƙa sito ba, alhali ita ta fi mu duka kai.

Mun fara da yanka wa kanmu albashi. Ƙarshen wata kowa ya ɗauki nasa, abin da ya rage na shago ne. Lambar momo ta shago daban, tawa daban. Duk wanda ya ɗauki kaya bashi, ko limamin unguwa ne, a rubuta sunansa da rana da ranar biya. Yaron shagonmu, bayan albashinsa, yana da kaso a ribar shekara, kuma ya sa hannu mun sa.

Wahalar ba a littafi take ba, a zumunci take. Wata rana kawun nan namu ya zo neman kuɗin asibiti, ya ga ana ta ciniki, aljihun tebur cike. Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, wannan kuɗin shago ne, ba nawa ba ne. Bari in ba ka daga nawa." Ya dube ni ya ce, "Au, shagon ba naka ba ne? Ubanka bai taɓa gaya mini haka ba." Ya karɓi abin da na ba shi ya tafi, wata biyu ba ya amsa gaisuwata da sakin fuska. Abin ya dame ni ƙwarai. Daga nan muka ware wani kaso kowane wata na hidimar dangi da maƙwabta, ban da zakka. Idan ya ƙare, ya ƙare, sai wani wata. Ba a yanke zumunci ba, ba a kuma yanka uwar kuɗi ba.

Littafin ya cece mu a 2022, shekarar da sidi ya faɗi warwas, hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari a watan Disamba. Ciniki na tafiya, kuɗi na shigowa fiye da da, ina murna. Ƙanwata ta ce, "Yaya, daina ƙirga kuɗi, ƙirga buhu." Da muka duba, kuɗin da muke samu a buhu goma ba ya sayo mana buhu tara. Muna cin jarinmu ne muna kiran sa riba. Daga ranar muka koma sa farashi bisa abin da za mu sake sayowa, ba abin da muka sayo jiya ba. Maƙwabtanmu biyu da ba su lura da wannan ba sun rufe kafin azumi.

Bara muka yi rajistar kamfani a ofishin magatakardar kamfanoni. Akwai bambanci da ya kamata kowane ɗan kasuwa ya sani. Rajistar sunan kasuwanci kawai, kai ne kasuwancin, ranar da ka faɗi ya faɗi. Kamfani mai hannun jari kuwa, a dokar kamfanoni ta 2019, yana da rayuwarsa daban da ta mai shi, yana buƙatar daraktoci aƙalla biyu, kuma hannun jarinsa ake gada. Magada sai su raba hannun jari gwargwadon rabon kowa, shago na buɗe, mota na kan hanya, ba sai an sayar da ita an raba kuɗin ba. Akwai ɗawainiya, akwai kuɗin akawu da haraji da rahoton shekara, ba zan ɓoye ba. Wani abin kuma da da yawa ba mu sani ba: idan mutum ya rasu bai bar wasiyya a rubuce ba, kotu dokar gado ta 1985 take bi, ko wane addini yake yi. Wanda ke son a raba dukiyarsa bisa shari'a ba tare da rigima ba, ya zauna da malami da lauya tun yana da lafiya.

Shagonmu ƙarami ne, ko mota ba mu da ita tukuna. Amma ɗan yayana mai shekara goma sha biyar yana zuwa kowace Asabar, ƙanwata na nuna masa yadda ake shigar da kaya da fitar da su a littafi. Makon jiya ya gano buhu biyu da na ba wani abokina bashi na manta ban rubuta ba. Ya kawo mini littafin da biro ya ce, "Baffa, sunan wa zan sa?" Na faɗa masa, ya rubuta.